Ranin da Na Hana Ɗana Taɓa Fartanya

Ɗan fari ne, don haka ba na kiran sunansa, kuma ba a takarda zan fara ba. Yaro dai. Lokacin da abin ga ya faru yana shekararsa ta ƙarshe a makarantarsu ta Aliero, yana kuma buga musu ƙwallo ta gefen dama. Ni ina Mungadi, inda anka haife ni, ina noman albasa a fadamar gidanmu. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma ban ƙarasa ta ba. Abin da na iya shi ne ban ruwa da ɗaukar buhu.

Gonarmu gandu ce, tun bayan rasuwar mahaifinmu ba mu raba ba. Yayana ke riƙe da ita, kuma ƙa'idarsa guda ce: duk namijin da ke cin tuwon gidan, in dai ƙafarsa na cikin gari, yana da fangalin da zai ba ruwa. Ba ɗan boko, ba ɗan kowa. Don haka in yaron ya dawo hutun ƙarshen mako, Asabar da Lahadi a fadama yake yin su, tun daga asuba har rana ta take. Ya ɗauko injin ban ruwa a ka, ya ja mesa, ya shiga laka har ƙauri yana buɗe fangali yana toshewa. Litinin da sassafe ya hau mashin ya koma makaranta. Haka ni ma na tashi, kuma ban taɓa ganin wani abu a ciki ba.

Ƙwallon tasa kuwa ban sa ta a ka ba. Ina dai jin ana cewa yana da gudu, amma ba ya kai ƙarshen wasa. Da an dawo hutun rabin lokaci sai ƙafarsa ta mutu, a cire shi a sa wani. Na ɗauka haka Allah ya yi shi.

Wata Litinin, bayan mun gama dashe, na shiga Aliero neman maganin feshi, uwarsa ta haɗa ni da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin kunu da ya manta. Na tambaya anka nuna mini filin wasa. La'asar ta yi, na tsaya a gindin wata bishiya ina jiran su tashi.

Ni na san yadda 'yan ƙwallo ke gudu. A zamaninmu samarin yankinmu na Maiyama bayan sallar asuba suke hawa kwalta, su sa rigar sanyi mai kauri don gumi ya fita, su yi ta sassarfa har sai gari ya ɓace musu, sannan su juyo. Wanda ya tsaya a hanya rago ne, har waƙa ake yi masa. Abin da na gani a filin nan daban ne. Wani saurayi ne tsaye da usur a baki. In ya busa sai su fashe da gudu kamar waɗanda zuma ta biyo, ba wanda ke rage komai. Kafin mutum ya kai rabin alwala ya sake busawa, sai su tsaya su riƙe ƙugu suna tafiya a hankali kamar masu dawowa daga biki. Numfashi bai gama dawo musu ba zai sake busawa. Haka, haka, haka. Da farko yaron nawa ne a gaba. Can na gan shi a tsakiya. Can ya koma ƙarshe, ƙafafunsa na ja kamar an ɗaura musu dutse. Kafin a tashi ya durƙusa a bayan raga yana amai.

Mai usur ɗin shi ne kocinsu. Da anka ce masa ni uban wane ne, ya zo ya rusuna ya gaishe ni, ya karɓi ƙullin da ke hannuna. Na ce masa, Malam, wane irin gudu ne wanga da ake yi ana hutawa? Ko yaran ba su ci abinci ba ne?

Bai ji haushi ba. Ya ce ƙwallo ba tafiyar fatake ba ce. Ɗan wasa zabura yake yi, ya tsaya, ya sake zabura, kuma wanda ke iya zabura a ƙarshen wasa kamar yadda ya yi a farko shi ne ke ci. Ya ciro waya ya nuna mini wasu ɗalibai a ƙasar sanyi, suna wasa da sanduna a kan ƙanƙara, da ƙarfe a ƙarƙashin takalmansu. Su shiga su zubar da duk ƙarfinsu cikin ɗan lokaci, su fito su zauna a benci, wasu su shiga, kafin ka ankara sun sake tashi. Ya ce a wurin masu horar da irin waɗannan ya ga dabarar. Na ce masa mu nan ƙanƙararmu tana cikin kular mai zoɓo. Ya yi dariya ya ce zuciyar dai iri ɗaya ce.

Sannan ya faɗi abin da ya tsaya mini. Ya ce ƙarfin ba ranar gudun yake shiga jiki ba, ranar hutu yake shiga. Shi ya sa ba kullum yake ba su wannan wahala ba, kuma Asabar da Lahadi ya ce kowa ya ci ya kwanta. Amma yaron nan kullum Litinin da gajiyarsa yake zuwa, kamar wanda ya buga wasa jiya. Ya tambaye ni me yake yi a gida. Na gaya masa. Ya juya usur ɗin a hannu. Daga baya ya ce shi ba zai shiga tsakanin ɗa da ubansa ba, amma akwai wasa da za su yi a Jega kafin cirar albasa, kuma daga nan zai zaɓi waɗanda za su tafi gasar makarantu. Ba zai ɗauki wanda ke ƙarewa a rabin wasa ba, komai gudunsa. Bana ce kuma shekarar yaron ta ƙarshe, in ta wuce shi ke nan.

Na ce ni dai ban ga gudun da bai kai alwala ba da zai sa ƙato amai. Ya ce in gwada. Ina da taurin kai, na cire takalmi, na naɗe riga, na tsaya a layi ni kaɗai. Na farko na yi shi da kyau har ɗaliban sunka tafa. Na biyu na ji ƙirjina ya cika da wuta. Na uku ban san inda na ƙare ba, na dai samu kaina zaune a ƙasa, zuciyata na bugawa cikin kunnuwa, bakina da ɗanɗanon ƙarfe. Ni da ke yini ina loda buhunan albasa a mota. Da na ɗaga kai na ga yaron ya juya baya yana kallon wani wuri, don kada ya ga ubansa a haka.

A hanyar komawa, daga Aliero har na wuce Jega, abu guda nake ta juyawa. Bai taɓa ce mini komai ba. Yana shan wannan wuta a makaranta, ya zo gida ya shiga laka, ya koma ya yi amai a gaban abokansa, kuma ko sau ɗaya bai buɗe baki ya ce Baba ka rage mini ba. Ba zai ce ba, ni ma ban taɓa ce wa nawa uban ba.

Na samu Yaya a zaure na ce masa daga yau har wasan Jega yaron ba zai shiga fadama ba. Ya dube ni ya tambaya ko ciwo ya ji. Na ce hutu zai yi. Ya ce hutun me? Na yi masa bayani iyakar yadda na gane, ina ji da kunnena yadda maganar ke fita kamar ta mahaukaci.

"Don wasa za a bar albasa da ƙishi?" in ji shi.

"Ba za ta ji ƙishi ba. Fangalinai ni za ni ba shi ruwa."

"Kai da bayanka ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa?"

"Bayana ne, Yaya."

Ya ce to, amma ran da ya ga fangali guda ya bushe ba ni zai yi wa magana ba, yaron zai je ya fito da shi da kansa.

Aiki biyu a jikin mutum guda ba shi da wani labari mai daɗi. Ina riga kowa fita, ina bin bayan kowa dawowa. Ruwan rijiyar fadama da safe yana yanka ƙafa, ƙasan dugadugaina ya tsattsage har ina cusa man kaɗe a ciki. In na sunkuya na daɗe, miƙewa sai na dafa ƙotar fartanya. Sallar azahar wani lokacin a zaune nake gama ta. Wannan duk na san shi, na kuma iya da shi. Abin da ban shirya wa ba shi ne bakin mutane.

A garinmu ɗa ba ya zaune ubansa na sunkuye. Ko baƙo ya zo wucewa ya ga dattijo da fartanya, karɓa yake yi ya ja masa layi guda kafin ya wuce. Ga shi nawa ɗan, dogo mai ƙirji, kwance a ɗaki da rana, uwarsa na kai masa wake da fura. Kafin mako ya zagayo sun sa masa suna mai jego. In na zauna wurin mai shayi sai wani ya gaishe ni da kyau, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, sannan ya ce yaya mai jego, an dai dama mata kunun kanwa ko? Wani ya ce a riƙa yi mata wankan ruwan zafi safe da yamma don kada jiki ya lalace. Ina shan shayina in ce za a yi. 'Ya'yan Yaya, waɗanda suke tare da yaron tun suna rarrafe, sunka daina cin abinci kwano ɗaya da shi. Har liman ya tare ni bayan sallah ya tambaya a hankali ko yaron ya fara fin ƙarfina ne, in haka ne a yi masa nasiha. Na ce ni na fi ƙarfinsa, shi ya sa yake kwance.

Ni fatata ta yi kauri, tasa ba ta yi ba. Wata Lahadi da hantsi, ina tsakiyar fangalinsa, na ji motsi a bayana. Shi ne, ya naɗe wando, da fartanya a kafaɗa. Duk fadamar ta tsaya. Masu ban ruwa na gonakin maƙwabta sunka miƙe suna kallo, Yaya na can kusa da inji.

"Baba, bari in kama maka ko layi guda. Mutane na kallo."

"Su kalla. Mi malaminka ya ce ka yi yau?"

"Ya ce in huta."

"To aikinka ke nan. Ga nawa, ga naka. Aje fartanyar ga."

Bai aje ba. Ya sa ƙafa ɗaya cikin ruwan. Na fito daga lakar, na fizge fartanyar daga hannunsa, na wurga ta can hayin magudanar. Na ce in ya sake takowa fadamar nan kafin wasan Jega, ni da shi ne. Ban taɓa ɗaga masa murya a gaban mutane ba sai ran nan. Ya tsaya yana kallon ƙasa, sannan ya juya. Ina ganin kafaɗunsa na rawa har ya hau tudu. Na koma na sunkuya, don ban da wurin da zan sa fuskata. Yaya ya dai ƙara wa inji wuta.

Bayan nan bai sake zuwa ba. Labarinsa ta bakin uwarsa nake ji, don ni da shi ba ma zaman hira. Ta ce ya ce ya daina amai. Wani mako ta ce ya ce yanzu yana gamawa cikin na gaba. Wani makon ta ce malaminsu ya rage musu lokacin tsayawar, kuma bai faɗi ba. Ni ma na ga wuyansa ya cika, yana kuma cin tuwo kamar mutum biyu. Fangali ko ɗaya bai bushe ba. Yaya na bi yana taka su da ƙafa yana dubawa, bai samu ba.

Wasan ya faɗo ranar kasuwar Jega. Yaya ya ce shi ba kallon ƙwallo zai je ba, kayan inji zai saya, amma tunda bayana ba ya barina in tuƙa mashin sai in hau bayansa. Ya sayi kayan injin da wuri, ya kuma ce tunda la'asar ta same mu a nan bari mu ga abin da anka kashe mini baya a kai. Wasu daga cikin mutanen wurin mai shayin nan ma sun zo, sun kama wuri a gefen fili suna jira.

Waɗanda za su kara da su 'yan wata kwaleji ce daga nesa, manya-manya, kowane da cinya kamar turmi. Wani a kusa da mu ya ce waɗannan kullum a kan kwalta suke asuba, ba su san gajiya ba. Rabin farko kuwa su sunka riƙe wasan. Sun ci ɗaya tun da wuri. Yaron ya yi gudu biyu-uku masu kyau ta gefensa, ba abin da ya fito. Da anka tafi hutu ɗaya daga cikin mutanenmu ya ce to, yanzu lokacin shayar da jariri ya yi, za a fitar da mai jego. Yaya ya harare shi, abin da ya ba ni mamaki.

Ba a cire shi ba. Anka dawo, wasa ya yi ta tafiya, rana ta fara sauka. Sannu a hankali na fara ganin abin da kocin nan ya faɗa. Ƙattan ba su gaji yadda mutum zai faɗi ba, suna nan suna ta sassarfarsu, amma sassarfar ce kawai ta rage musu. In ƙwallo ta faɗi nesa ba mai iya zabura ya cim mata. Namu kuwa kamar yanzu anka sake su. 'Yan Aliero sunka rama ta tsakiya, ya zama ɗaya da ɗaya.

Can kusa da tashi ƙattan sunka samu dama, ɗan gabansu ya tsere da ƙwallo shi kaɗai, ba kowa tsakaninsa da gola. Sai ga yaron daga can rabin fili. Ban san daga ina ya ɗebo gudun ba. Ya cim masa a bakin layi, ya zame ya tsinke ƙwallon ta fita. Na ce a raina shi ke nan, ya ba da abin da ya rage masa. Ya tashi ya riƙe ƙugu, yana tafiya a hankali, ƙirjinsa na hawa da sauka. Anka bugo kwana, golan Aliero ya cafke, ya ɗaga kai, ya wurga ta gefen dama inda ba kowa.

Yaron ya sake zabura. Mai tsaronsa ya bi shi taku kaɗan ya tsaya ya dafa gwiwa. Na biyu ya tare shi, yaron ya tura ƙwallon ta gefe guda ya zagaya ta ɗayan. Filin gaba ɗaya ya tashi tsaye. Gola ya fito, yaron bai yi wata gwaninta ba, ya dai sa ta ƙasa-ƙasa ta kusurwa mai nisa, ragar ta motsa.

Ni ban yi ihu ba, na dai zauna a kan buhun kayan injin. Yaya ne na ji yana kama rigar wani baƙo da bai taɓa gani ba yana ce masa, "Ɗanmu ne wancan. A gidana yake cin tuwo."

Alƙali bai jima ba ya busa tashi. Ɗalibai sunka cika fili, sunka ɗaga shi sama. Mutanenmu na shayi na gani a cikinsu, har da wanda ya yi maganar jariri, hularsa a hannu yana tsalle. Da hayaniyar ta lafa kocin ya ratso mutane da yaron a bayansa, ya rusuna ya gaishe da Yaya sannan ni. Ya ce a gabanmu yake son faɗa: yaron ya haɗa jakarsa, da shi za a tafi, kuma ba benci zai zauna ba. Yaron ya durƙusa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya ce, "Baba, sannu." Na ce masa ya tashi ya je ya sha ruwa.

Motarsu ta ɗauki hanyar Aliero suna ta buga jikinta suna waƙa, mu munka kama ta Maiyama. Tafiyar da ba ta da tsawo sai da magariba ta kusa riskarmu a hanya, don Yaya bai wuce kowa ba. Ya tsaya wurin mai fetur ya ba shi labari. Ya tsaya wurin masu facin taya alhali ba abin da ya samu tayarmu. A mararraba ya tara 'yan acaɓa ya sauka daga mashin yana nuna musu da ƙafa yadda anka yi, da babbar rigarsa da komai, ya ce yaron mutum biyar ya yanke kafin ya ci. Ni biyu na gani. Ɗaya daga cikinsu ya juyo ya tambaye ni ko haka ne, Baba? Na gyara zama a bayan mashin na ce Yaya ya fi ni kusa da layi.